Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Abin da Littafi Ke Ragewa Daga Hotunan Tsohuwar Abuja

Da wuya a sami macen da aka buga hotonta a Najeriya sau da yawa kamar Ladi Kwali. Tun daga watan Fabrairun 2007, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fitar da takardar naira 20 ta leda, surarta tana aikin tukwane take yawo daga hannu zuwa hannu, a bayan hoton Janar Murtala Muhammed. Ma'aikatan da ke sammako daga Suleja, su bi ta Madalla da Zuba zuwa sakatariyar tarayya, sun karɓe ta canji a mota ba adadi. Littattafai da mujallu sun buga ta, shafukan intanet sun yaɗa ta, har kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko a watan Maris na 2022.

Duk da wannan yawa, kaɗan ne daga cikin masu ganin nata suka taɓa riƙe wankakken hotonta na asali, wato takardar da mai hoto ya fitar daga ɗakin duhu da hannunsa. Abin da ke isa ga jama'a kwafi ne, wani lokaci ma kwafin kwafi. A ido ɗaya dai duk hoto ne. Amma tsakanin takardar asali da shafin littafi akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ne wani sashe na tarihin Suleja ke salwanta ba tare da an lura ba.

Abuja ta farko

Garin da ake kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa shi bayan jihadi ya fitar da Sarki Makau daga Zariya, kuma daga sunan ƙaninsa Abu Ja, wanda ya kafa garin a 1828, aka samo sunan. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, masarautar ta ba da ƙasa mai faɗi, ta kuma ba da sunanta. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

A fadar wannan Sarki ne Baturen nan mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganin randunan wata maginiya Bagwariya daga ƙauyen Kwali. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi aiki, kuma a farkon shekarun 1950 ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko a cikinta. An baje aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Ingila da Amurka tana nuna yadda ake gina randa da hannu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a Minna a 1984.

Cibiyar ta jawo baƙi, baƙi kuma sun zo da kyamarori. Saboda haka ƙaramin gari ya sami rabon hotuna fiye da garuruwa da dama da suka fi shi girma: maginan a bakin aiki, tanderun gasa tukwane, randuna a jere a rana, Sarki da fadawansa. Wasu hotunan sun fito a littafin Cardew mai suna Pioneer Pottery na 1969, wasu a tarihin rayuwarsa da Tanya Harrod ta wallafa a 2012. Wanda ya duba rubutun da ke ƙarƙashin irin waɗannan hotuna zai riƙa cin karo da sunayen gidajen tarihi na ƙetare. Alal misali, hotunan Ladi Kwali da W. A. Ismay, wani ma'aikacin laburare mai sha'awar tara tukwane, ya ɗauka suna hannun gidajen tarihin birnin York ne a Ingila. Littattafan kan iso Najeriya, amma takardun asali suna can.

Azurfa da tawada

Domin a gane bambancin, sai an san yadda ake yin kowanne. Tsohon hoto baƙi-da-fari ba da tawada aka yi shi ba. Takardar tana da shafen jelatin, wani sinadari mai kama da ƙaro da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, kuma a cikin shafen akwai gishirin azurfa mai jin haske. Idan aka haska fim a kan takardar, aka tsoma ta cikin ruwan wanki, sai ƙwayoyin azurfa su yi baƙi gwargwadon hasken da ya taɓa su. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da ido ba ya rarrabe su, don haka launi kan gangaro daga fari zuwa toka zuwa baƙi sannu a hankali, kamar yadda duhu ke shigowa bayan magariba.

Injin maɗaba'a kuwa bai san toka-toka ba. Ko dai ya sa tawada a wuri, ko ya bar shi fari. Dabarar da aka samo tun ƙarshen ƙarni na 19 ita ce a farfasa hoton zuwa ɗigo-ɗigo: manya a inda ake son duhu, ƙanana a inda ake son haske. Daga nesa ido ya haɗe su ya ga hoto. Jarida kan yi amfani da layin ɗigo kusan 85 a kowane inci, littafi mai kyau 150 zuwa 175, na alfarma ya haura 200. Duk wanda ya ɗora gilashin ƙara girma a kan wankakken hoto zai ga ƙarin abubuwa: zaren aikin riga, tsagar fuska, rubutun allon da ke can baya. Wanda ya ɗora shi a kan shafin littafi, ɗigon tawada kawai zai gani. Abin da injin bai kama ba ya tafi ke nan.

Sai kuma zurfin baƙi. A wankakken hoto mai sheƙi, farin da ya fi haske kan mayar da haske kusan ninki 100 na baƙin da ya fi duhu. A takardar jarida tazarar ba ta cika wuce ninki 10 zuwa 20 ba, littafi mai kyau kuma yana tsakani. Ma'ana, dole a matse launukan hoton su shiga ƙunci, kuma wuraren inuwa ne ke fara cushewa. Wannan matsala ta fi shafar hotunan Afirka, inda baƙar fata da farar riga da hasken rana kan haɗu a hoto guda. Idan mai ɗab'i ya ceci aikin da ke jikin babbar riga, fuska ta dushe. Idan ya ceci fuska, rawani ya zama fari fat babu ninki.

Randunan Ladi Kwali kansu misali ne mai kyau. Abin da ya fitar da sunanta shi ne zanen da take tsagawa a jikin yumɓu: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi, maciji. A cibiyar Abuja an riƙa lulluɓe randunan da shafen tangaran, sau da yawa mai duhu, zanen kuma yana leƙowa daga ƙarƙashinsa. A hoto mai kyau ana ganin kowace tsaga da yadda haske ke kwanciya a cikinta. A bugun da aka yi da arha, sai randar ta koma baƙin dunƙule mai ɗan ƙyalli a kafaɗa. Mai karatu ya ga randa, amma bai ga hannun Ladi ba. Manyan maɗaba'u kan rage wannan asara ta hanyar buga hoto baƙi-da-fari da tawada biyu ko uku, baƙa da toka, sai dai hakan na ƙara kuɗi, kuma ba kowane mawallafi ke biya ba.

Akwai kuma abin da almakashi ke yi. Mai tsara shafi yakan datse gefen hoto don ya dace da gurbin da ya rage, kuma a gefen ne ake samun mai riƙe da laima, ko yaron da ke kwaɓa yumɓu, ko ginin da zai nuna inda aka ɗauki hoton. Yakan ƙara wa ƙaramin hoto girma, ya rage babba, har su zama ɗaya. Yakan shimfiɗa hoton taro a shafi biyu, sai ɗinkin littafi ya haɗiye wanda ke tsakiya, alhali kuwa a hoton taro na ƙasar Hausa babban baƙo ne ke zama a tsakiya.

Abin da ke bayan takarda

Hoto yana da fuska biyu, littafi kuwa ɗaya kawai yake bugawa. A bayan tsohon hoto ake samun hatimin mai hoto ko na ma'aikatar yaɗa labarai, da lambar fim, da kwanan wata, da sunayen mutane da wani ya rubuta tun ana iya gane su. Ga masu binciken tarihi, bayan hoto kan fi gabansa amfani.

Labarin Jonathan Adagogo Green ya isa shaida. Shi ɗan Bonny ne a yankin Neja Delta, ya rasu a 1905 yana da shekara 32. Shi ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa bayan Turawan Ingila sun kama shi a 1897. An yi ta buga hotunansa a littattafai da katunan gaisuwa na Turawa, sau da yawa ba tare da sunansa ba, kuma waɗanda suka ga sunan sun ɗauka Bature ne. Hatiminsa da ke bayan hotunan asali, a cikin albam-albam da suka tsira, yana daga cikin abin da ya taimaka wa masu bincike suka tattaro aikinsa, har Martha Anderson da Lisa Aronson suka fitar da littafi a kansa a 2017. Haka ma Seydou Keïta na Bamako: an baje hotunansa a New York a 1991 a matsayin aikin wanda ba a san sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu har ƙofar gidansa.

A Suleja batun ya fi haka tsanani saboda sauyin suna. Duk hoton da aka rubuta wa "Abuja" kafin 1976, Suleja ake nufi. Matashin ma'aikacin da ya ga irin wannan hoto a intanet, an yanke bayaninsa, an bar masa kalma ɗaya, zai ɗauka Garki ce ko Wuse kafin a yi gine-gine. Da haka tarihin wani gari ke komawa na wani. Hatta farkon aikin gina birnin tarayya daga Suleja aka gudanar da shi, inda Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya ta kafa sansaninta, a wurin da har yau ake kira Field Base. Hotunan wancan zamani suna ɗauke da sunaye biyu masu iya rikita mutum, kuma kwanan wata da rubutun da ke bayan takarda ne kaɗai ke raba gardama.

Littafi ma yana da ranarsa

Adalci ne a faɗi abin da littafi ya fi takardar asali. Na farko, yana tafiya. Wankakken hoto guda ne, yana wuri guda, littafi kuwa dubbai ne. Ba don littattafai da mujallu ba, da sunan cibiyar Abuja bai kai inda ya kai ba. Na biyu, yana jera hotuna ya ba su ma'ana, ya haɗa su da bayani. Aikin J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968 har ya tara kusan 1,000, ya fi bayyana idan aka ga hotunan a jere, shafi bayan shafi. Na uku, tawadar ɗab'i baƙa tana da juriya. Sau da yawa gara ko ruwan sama sun cinye asalin, littafin ne ya rage. A nan kam, da babu gara ba daɗi.

Littafi yana da gata a doka ma. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 na duk abin da ya buga, gwamnatin jiha kwafi 10, gwamnatin tarayya 25. Saboda haka littafi yana da gidan da zai koma. Hoton da aka ɗauko daga akwatin wani dattijo don a sa a littafin kuwa, sai abin da hali ya yi.

Ita ma kalmar "asali" tana da rassa. Daga fim guda ana iya wanke hoto sau ɗari, kowanne da kamanninsa. Ba'amurken nan Ansel Adams ya ɗauki hoton fitowar wata a wani ƙauye mai suna Hernandez a 1941, ya wanke shi fiye da sau 1,300 a tsawon rayuwarsa, kuma sararin sama a na baya-baya ya fi na farko duhu ƙwarai. Keïta kan ba abokan cinikinsa ƙananan hotuna masu faɗin santimita 13 da tsawon 18, waɗanda ake sawa a firam ko a aika wa dangi a ƙauye. Manya-manyan da aka baje a Turai da Amurka tun daga shekarun 1990 sabon wanki ne daga tsofaffin fina-finansa, masu kaifin baƙi da fari fiye da na Bamako. Dukansu daga fim ɗinsa suka fito, amma ƙaramin ne ke nuna abin da mutanen Bamako suka gani, suka biya, suka rataye a ɗaki. Shi ya sa masana ke bambanta wankin zamanin da aka ɗauki hoto da wankin baya.

Inda ɓarnar take faruwa

Babbar asara a yau ba a gidajen tarihi take faruwa ba. A ofisoshi take, da gidajen manya, a lokacin shirin biki. Ma'aikata za ta cika shekara 50, ko babban sakatare zai yi ritaya, ko za a yi wa maigida naɗin sarauta. Sai a kafa kwamiti, a ɗora wa wani hadimi alhakin haɗa littafin tunawa cikin mako biyu. Ya aika gida a kwaso tsofaffin hotuna. A ɗauke su da waya a kan tebur, hasken taga na faɗa musu, a tura ta WhatsApp, manhajar ta matse su. Mai tsara shafi ya ja su su cika shafi. Lissafin kuwa a fili yake: ɗab'i mai kyau na buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoton da faɗinsa ɗigo 1,500 ne ba zai wuce inci 5 ba sai ya fara dushewa.

Kwanan nan an sami ƙarin wata fitina. Idan hoto ya dushe, sai a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta "gyara" shi. Manhajar ba ta san mutumin ba. Tana cike gurbin da ta rasa ne da abin da ta saba gani a fuskokin wasu, ta goge tsagar gado, ta sauya ƙirar ido, ta ƙaga wa hula zanen da ba nata ba. Sakamakon ya fito tas, kowa ya yaba, amma wanda ke ciki kama kawai ya yi da kakan.

Bayan biki, littafin ya shiga kabad ɗin falo. Hotunan asali kuwa wasu su maƙale a maɗaba'a, wasu a aljihun tebur, wasu a watsar da su bisa zaton cewa tunda suna cikin littafi, an gama da su. Waɗanda suka koma gida ma ba su tsira ba. Danshin damina a yankin Suleja na sa jelatin ya yi fumfuna ko ya manne da gilashin firam, hunturu ya busar da takarda ta nannaɗe, gara da kyankyasai su yi nasu. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 sun fi saurin lalacewa, domin rini ne a jikinsu, shi ya sa da yawa suka koma jaja-jaja. Wasu masu kyakkyawar niyya kan kai hoto a manne shi cikin leda da zafi, alhali wannan aiki ba ya warwaruwa, kuma yakan rufe hanyar gyara har abada.

Abin da ke hannun ma'aikaci

Maganin ba ya buƙatar kasafin kuɗi na musamman. Duk hoton da za a sa a littafi, a ɗauki kwafinsa da na'urar sikana, gaba da baya, da ƙarfin ɗigo 600 a inci ko fiye, a adana shi yadda ya fito ba tare da gyara ba. Idan za a tura, a tura shi a matsayin fayil, kada manhaja ta matse shi. A nemi maɗaba'a ta kawo bugun gwaji, a ajiye shi kusa da na asali a hasken rana, a duba fuskoki da inuwa kafin a sa hannu. A rubuta ƙarƙashin kowane hoto sunan wanda ya ɗauka, da shekara, da wuri, da inda asalin yake. Idan an datse ko an gyara, a faɗa. Ga hotunan da suka girmi birnin tarayya, kalmomi huɗu sun isa su kare tarihi: Abuja, Suleja ta yanzu.

Shi kuma na asali, a mayar wa mai shi hannu da hannu, a rubuce. A ajiye shi a ambulan na takarda mai kyau, cikin akwati, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, ban da gam da salatif. Idan za a yi rubutu a bayansa, da fensir mai taushi za a yi, domin tawadar biro kan ratsa takarda. Abu mafi gaggawa shi ne a zauna da dattawan da suka san fuskokin, a rubuta sunaye tun suna da rai.

Ga hotunan gwamnati, wannan nauyi ne na aiki. Dokar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa ta 1992 ta lissafa hotuna cikin bayanan hukuma, kamar fayil da taswira. Hukumar na da babban reshe a Kaduna, inda takardun tsohuwar Jihar Arewa suke, ga kuma Gidan Arewa da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi a gidan Sardauna. Akwatin hotunan da ke sito a wata ma'aikata tun ƙaurar gwamnati daga Legas a Disambar 1991 yana da inda ya dace ya je.

Suleja ta ba tarayya ƙasa, ta ba ta suna, ta ba ta maginiyar da ke kan naira 20, ga kuma Dutsen Zuma da ya hau kan naira 100 a 1999. Har yanzu akwai hotunan waɗancan shekaru a akwatunan gidajen sarauta, da na iyalan maginan cibiyar, da na tsofaffin ma'aikatan da suka fara aikin birnin tarayya daga garin. Daga takardar asali ana iya buga littafi sau goma, kowane bugu ya fi na baya kyau gwargwadon ci gaban injuna. Daga shafin littafi kuwa ba a taɓa dawo da takardar asali ba.